Yatsu Bakwai da Ƙafa Biyu

A bakin mai sharar coci Rebeka ta ji labarin. Dattawan ikilisiya sun yanke shawara a ba 'yan jari-bola tsohon ogan na kiɗan coci, domin ɗakin ajiya ya cika kuma ana so a zuba sababbin kujerun roba. Ta gama addu'ar Laraba tare da mata, ta fita bakin titin Damilu, ta tsayar da a-kori-kura.

Ogan ɗin ya girmi ginin cocin kansa. Daga Numan aka kawo shi tun ikilisiyar tana taruwa a ƙarƙashin rumfar kwano. Katako ne mai duhu, da jeri biyu na maɓallai, a ƙasa kuma da sandunan da ake takawa da ƙafa. Rebeka ta fara zama a gabansa tun tana budurwa, ta yi aure tana kaɗa shi, ta haifi 'yarta Nancy tana kaɗa shi. A shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo suka cika harabar cocin da tabarmi da ƙullin kaya, kowace yamma in ta taso daga makarantar da take koyarwa sai ta zo ta buɗe tagogi ta kaɗa musu. Ta lura in ana waƙa, manya kan daina lissafin waɗanda ba su iso ba.

Shekara ta zagayo, ta shiga kasuwar Jimeta sayen yadin mawaƙa, bom ya tashi. Ta farka a asibiti ta tarar hannunta na hagu saura babban yatsa da manuni.

Ikilisiya ta yi mata kirki, ba ta taɓa musun wannan ba. An kawo abinci, an kwana da ita a asibiti, an yi addu'a har muryoyi suka dushe. Sannan aka sayi sabon kibod na kiɗa mara nauyi, aka ba wani saurayi mai suna Danny, aka tura ogan ɗakin ajiya. Ba wanda ya tambaye ta ko za ta iya. Duk wanda ya gan ta sai ya karya wuya ya ce, "Sannu, Mama. Allah ya san komai." Mijinta Silas, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya karɓe cefane, ya karɓe ɗaukar jaka, har murfin kwalba shi yake buɗe mata tun kafin ta miƙa hannu. Haka aka shafe shekara goma.

Ana cikin ɗora ogan a bayan mota Dattijo Harrison, shugaban kwamitin waƙa, ya fito daga ofis yana gyara tabarau.

"Maman Nancy, ina za ki da wannan?"

"Gida."

"Ai ya mutu. Ɓeraye sun gama da shi. Kuma ko da yana aiki…" Ya dubi hannunta, ya kau da kai.

"Ƙarasa mana, Baba."

"Ba na so ki wahalar da zuciyarki ne kawai."

"In ɗan jari-bola zai iya ɗauka, ni ma zan iya. Ko sai na zo da buhu da sanda?"

Ta shiga gaba kusa da direba, suka nufi gidanta a Demsawo.

A falo Silas ya jona shi da wuta don ya faranta mata. Ogan ɗin ya yi gurnani kamar tsohon firji, wari ya tashi, hayaƙi siriri ya fito ta baya. Silas ya fizge waya da sauri.

"To, kin gani. Mu shimfiɗa masa ƙyalle mai kyau, mu ɗora hotuna. Ya zama abin tunawa."

"Ba kabari na kawo gida ba, Baban Nancy."

Ta kira Uzoamaka, matar da ke gyara wa coci-coci amfilifaya da kibod. Uzoamaka haifaffiyar Jimeta ce, ta gaji shagon mahaifinta a layin 'yan lantarki. Bayan bom mijinta Obiora ya kwashe yara ya koma Onitsha, ya ce ta biyo su. Ta ce tana zuwa. Har yau tana zuwa ne a Kirsimeti kawai, ta dawo. Hausarta ta kasuwar Jimeta ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne.

Ranar Lahadi da yamma ta zo da sukundireba a jaka. Ta kwance bayan ogan, ta haska da waya, ta yi tsaki. Akwai sheƙar ɓera, akwai wayoyin da aka gwaguye, akwai fanel, allon da wayoyi ke haɗuwa a kai, ya yi baƙi ƙirin.

"Mama, cikin nan ya tafi. Kamfanin da ya yi wannan kaya, na grave dem dey, sun daɗe a kabari. Ko Legas ba ka samu."

Uzoamaka ta zagayo gaba, ta bi maɓallai da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta taka sandunan ƙafa.

"Amma wannan yana da rai. Ka ji yadda yana dawowa? Kibod na yanzu roba ne, wannan ƙarfe da katako." Ta zauna a kan kujerar ogan. "Akwai abu da na gani mutane suna yi, na daɗe ina so na gwada. Za mu cire cikin duka. Kowane maɓalli mu ja waya daga shi zuwa wani ƙaramin fanel, bai fi kwalin ashana ba. Fanel ɗin mu haɗa da kwamfuta. Ogan ba zai yi sauti da kansa kuma ba. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta: an danna wannan, an saki wancan. Kwamfuta ya ba da murya. Muryar ogan, muryar sarewa, muryar ganga, duk wanda ka so."

"To, ko an yi hakan, wa zai kaɗa? Hannun hagu shi ke riƙe waƙa daga ƙasa, sauti uku a tare. Ni da yatsa biyu?"

Uzoamaka ta dubi hannun kai tsaye, yadda take duban fanel da ya ƙone. Rebeka ta manta rabon da wani ya kalli hannun nan ba tare da ya kau da kai ba.

"Ƙafa fa? Shi ma bom ya ɗauka?"

"Madam!" in ji Silas daga bakin ƙofa.

"Oga, tambaya ne. Mama, tun da kwamfuta ne ke ba da murya, za mu iya gaya masa: in an taka sanda ɗaya, ka ba da sauti uku ɗin nan a haɗe. Aikin hannun hagu ya koma ƙafa. Yatsa biyu naka ya yi ƙari a sama."

Rebeka ta tambaya yaushe za a fara.

"Nan ne matsala. Waya ya fi ɗari, ni kuma ina da kwastoma. Zan koya maka, ka yi da hannunka. Kuma a shago, don kayan aiki da janareta suna can."

"A kasuwa?" in ji Silas. "Rabonta da kasuwar nan tun ranar. Ba za ta je ba."

"Bari ita ya faɗa," in ji Uzoamaka, tana mayar da sukundireba jaka.

Ranar Litinin Rebeka ta hau keke napep ita kaɗai. Da aka sauke ta a ƙofar kasuwa ƙafafunta suka ƙi. Ta tsaya kusa da mai lemo, zufa tana bin bayanta, tana kallon kowane mai jaka, kowane mai babbar riga. Mai lemon ya tambaye ta ko na nawa za a ba ta, ta ce ba saye take yi ba. Ta daɗe a nan har rana ta juya inuwar rumfa. Sannan ta tuna ogan ɗin ya riga ta shiga tun da safe a kan amalanke, kuma in ta juya, Silas zai tarbe ta da ruwan sanyi da fuskar tausayi. Ta kama bakin zaninta ta shiga.

Uzoamaka ba ta yi mata sannu da zuwa ba. Ta miƙo mata tsohon buroshin haƙori da kwalbar sifirit.

"Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai siririn ƙarfe da ke taɓa ɗan'uwansa in an danna. Tsatsa ya rufe su. Goge har ya yi haske."

Makon farko goge-goge ne da fitar da kashin ɓera. Suka ciro tsofaffin fanel-fanel, suka yanke wayoyi damin-damin, har cikin ogan ya zama fanko kamar akwati. Ranar da aka ciro babbar sifikarsa mai yagaggen baki, Rebeka ta riƙe ta a cinya na ɗan lokaci, sannan ta miƙa wa Uzoamaka ta ce a jefar.

Daga nan sai aikin dalma. Kowane maɓalli sai an liƙa masa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ƙafa biyu, dayod sunansa, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. In babu shi, in ka danna maɓallai uku sai na huɗu ya yi kuka ba wanda ya taɓa shi. Rebeka ta riƙe ƙarfen dalma mai zafi da dama, ta kama waya da yatsunta biyu na hagu, sai ta ga ashe aikin bai buƙaci fiye da biyun ba. Ta ƙone sau da yawa. Dalmarta ta farko ta yi tulu-tulu kamar ƙullin ɗanwake, Uzoamaka ta sa ta narke ta sake. Wata rana ta gama jeri guda cur tana murna, aka gwada, aka tarar duk ta juya dayod ɗin baibai.

"Cire duka," in ji Uzoamaka ba tare da ta ɗago daga rediyon da take gyara ba.

"Duka?"

"Ko ka bar shi haka, ka kaɗa waƙar aljanu."

Rebeka ta fashe da dariya har da hawaye, ta ɗauki ƙarfe ta fara cirewa.

A hankali layin ya saba da ita. Mai sayar da batura yana aiko mata kunun gyaɗa, masu gyaran waya suna leƙowa su ga "akwatin Mama". Da yamma ta koma gida da warin dalma a jiki, Silas ya duba sababbin ƙunan da ke yatsunta, ya kawo man shafawa.

Damina ta yi nisa kafin a gama wayoyi. Fanel ɗin ya iso daga Legas a motar kaya. Rebeka ta kawo tsohuwar kwamfutar da Nancy ta bari lokacin da ta tafi aikin jinya Gombe, Uzoamaka ta sa mata manhajar sauti. Ranar gwaji ba su da ƙaramar sifika a kusa, sai wata ƙatuwa ta wani mai kiɗan biki da aka kawo gyara, tana tsaye a bakin shago tana fuskantar layi. Uzoamaka ta jona ta. Ba ta duba an ƙure ƙarar ba, kuma ba ta lura manhajar tana kan muryar babbar ganga ba.

"Taka, mu ji."

Rebeka ta taka sandar ƙarshe ta hagu.

Ƙarar ta girgiza kwanon rumfa. Kafin ta mutu layin ya hargitse. Mata suna ihu, tebura suna kifewa, wani yana kiran sunan Allah, wani na kiran Yesu, jama'a suka yi ƙofa a guje. Rebeka ba ta san lokacin da ta faɗi ba. Ta tsinci kanta a ƙarƙashin teburin aiki, ta ƙanƙame hannun hagu a ƙirji, hancinta cike da warin da babu shi a wurin. Uzoamaka ma tana durƙushe a ƙasa, ta rufe kai da hannu biyu, tana kiran sunayen 'ya'yanta.

Ba wanda ya mutu. Wata mai tumatir ta gurɗe ƙafa, an fasa gilashin wani shago, kayan mutane sun zube a taɓo. Da ƙura ta lafa Alhaji Bobboyi, shugaban 'yan layin, ya iso da mutane a bayansa. Dogon Bafulatani ne mai sayar da fankoki, ba a san shi da ɗaga murya ba. Ranar kuwa sai da ya ɗaga ta.

"Madam Uzo, wannan wane irin wasa ne? A kasuwar nan? Ƙanena a wancan lungun aka tattara shi, kin sani!"

"Alhaji, kuskure na ne. Abeg, yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya mayar da ran da ya fita. Yau ɗin nan a fitar da akwatin nan daga layina."

Rebeka ta dafa tebur ta miƙe.

"Alhaji, ni na taka, ba ita ba. Mun firgita mutane, kuma ba mu da hujja. Zan bi shago-shago in ba da haƙuri da bakina, mai ƙafar nan ni zan kai ta wurin ɗori, mai gilashi kuma zan gyara masa. Amma akwatin nan ba zai fita ba sai ya yi waƙa."

"Adda," ya ce, yadda Fulani ke kiran babbar yaya, "ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji. An taɓa fitar da ni daga kasuwar nan sau ɗaya, a bayan mota, ban san inda kaina yake ba. Waɗanda suka yi hakan ba su nemi izinina ba. Wannan karon da ƙafata na shigo, kuma da ƙafata zan fita, ranar da na gama."

Alhaji Bobboyi ya dubi fuskarta, ya dubi hannun da ke dafe da tebur.

"Ranar ke ma kina nan?"

"Layin 'yan yadi."

Ya sauke numfashi. "Ba sifika. Ko ƙarama. In na sake jin ko tari daga akwatin nan, ni da kaina zan kai shi bola."

"Na yarda."

Labari ya riga ta isa Demsawo. Ta tarar da Silas tsaye a ƙofar gida, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan a hannu.

"Shi ke nan," ya ce tun kafin ta sauka daga keke. "Kin gama zuwa. An kira ni an ce bom ya tashi a layin 'yan lantarki. Kin san abin da na ji? Sau biyu za ki kashe ni?"

Ta bari suka shiga ciki, ta zauna, ta cire ɗankwali.

"Baban Nancy, ka yi jinyata, ka wanke ni, ka ba ni abinci a baki. Ba zan manta ba har in mutu. Amma na warke tun tuni, kai ne ba ka sallame ni ba. Yatsa uku aka cire mini. Sauran duka kai da ikilisiya kuka karɓe, da hannu biyu, kuna ce mini sannu."

"Don ina tsoron in rasa ki ne."

"Na sani. Ni ma yau na ji tsoro har na shiga ƙarƙashin tebur kamar yarinya. Gobe zan koma."

Bai ci abinci ba ranar. Da safe ta fito ta tarar ya tsayar mata da keke, amma bai ce a dawo lafiya ba. Sai da aka yi kwanaki kafin maganarsu ta koma daidai.

Tunda an hana sifika, Uzoamaka ta ba Rebeka abin sawa a kunne. Ranar da sauti ya fara fitowa daidai ba wanda ya ji sai ita. Ta danna maɓalli da dama, muryar ogan ta cika mata kai, mai tsabta, ba gurnani. Ta taka sanda, sauti uku suka tashi tare daga ƙasa. Ta cire abin kunnen ta ajiye, ta fita bayan shago ta tsaya kusa da janareta inda ba mai jin ta.

Gini ya ƙare, koyo ya fara, kuma ya fi ginin wuya. Shekara hamsin da ɗoriya ƙwaƙwalwarta tana aika saƙo zuwa hannun hagu, yanzu sai ta karkatar da shi zuwa ƙafa. Yatsun da babu su suna motsi a ranta, ƙafa kuma tana makara. Suka zauna da Uzoamaka suka tsara wace sanda za ta ba da wane haɗi, suka sake, suka sake. Aka mayar da ogan gida, ta riƙa zama a gabansa ba takalmi daga safe har gwiwa ta kumbura. Wata rana tana tsaka da maimaita baiti ɗaya da ya ƙi zama, sai ta ji Silas daga tsakar gida yana bin waƙar da muryarsa mai kauri, yana tsayawa duk inda ta tsaya, yana jira.

Kafin Kirsimeti ta je wurin kwamitin waƙa ta ce a sa ta cikin masu kiɗan Lahadi. Dattijo Harrison ya zo gida da kansa ya gani. Ta kaɗa masa waƙa biyu. Ya leƙa cikin ogan ya ga ba komai sai wayoyi da ɗan fanel, ya bi igiyar da ido har kwamfuta.

"Abin sha'awa ne, Maman Nancy. Amma gaskiya, ai kwamfuta ce ke kiɗan, ba ke ba. Kin taka ɗaya, ta ba da uku. A gidan Ubangiji ba ma so a ce muna yaudara."

"Baba, in ka tsaya karatun Littafi ranar Lahadi, kai ke karantawa ko tabarau?"

Ya taɓa tabarau ɗin, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Ga abin da za mu yi. Akwai sujadar tunawa da waɗanda rikici ya shafa. Sai ki fito, ki ba da shaida, ki nuna wa jama'a hannun, ki kaɗa waƙa ɗaya. Mutane za su yi kuka, za su yabi Allah."

"A'a."

"A'a?"

"Ba abin kallo na zo zama ba. Makaɗiya ce ni. Ku sa ni a layi kamar kowa. In na ɓata waƙa ku yi mini faɗa, in na ci gaba da ɓatawa ku cire ni. Abin da nake nema ke nan."

Ya ce kwamiti zai duba.

Kwamiti yana ta dubawa har aka shiga sabuwar shekara, har Ranar Mata ta matso. Ranar nan zumuntar mata ce ke riƙe sujada tun daga addu'ar buɗewa har albarka, ba dattijon da ke da ta cewa. Shugabarsu Mama Fibi, tsohuwar ungozoma mai murya kamar ta soja, ta zo Demsawo ta saurari Rebeka, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta ce, "Kina jan amshi da yawa, mata za su shaƙe. Gyara. Ke za ki kaɗa mana."

Ranar Lahadin mata takwas sanye da zanen zumunta suka sauke ogan daga mota. Mai gadi ya nuna musu ƙofar baya, Mama Fibi ta ce ta gaba za su bi. Suka ratsa tsakiyar coci da shi, suna nishi, suna ba juna umarni, jama'a na juyowa. Uzoamaka, wadda ta bar tata cocin ranar, tana biye da kwamfuta a hammata da igiyoyi a wuya. Ita ta jona komai, kuma sau uku tana duba ƙarar sifika.

Rebeka ta cire takalmi ta zauna. Ta ba da sautin farko, mata suka ɗauka. Tsofaffin da ke kujerun gaba suka ɗago kai, domin Uzoamaka ta nemo murya mai kama da ta tsohon ogan ɗin, har da 'yar rawar da yake yi a sama. A baiti na biyu ƙafarta ta zame ta taka sandar da ba ita ba, sauti ya karkace, kowa ya ji. Ba ta tsaya ba. Ta kamo su a layi na gaba, ta riƙe su har ƙarshe. A waƙar baiko, lokacin da jama'a ke ba da sadaka, ta juya sandunan zuwa muryar ganga, a hankali wannan karon, mata suka fito rawa da kwanukan baiko, har Danny ya taso daga benci ya tsaya a bayanta yana kallon ƙafafunta.

Bayan sujada Mama Fibi ta ce mata, "Kin ɓata baiti na biyu."

"Na sani, Mama."

"Kada ki sake."

Rebeka ta ce to, tana murmushi, tana neman takalminta a ƙarƙashin kujera.

Dattijo Harrison ya zo ya gaishe su, ya ce sujada ta yi albarka, sannan ya tambaya yaushe za a mayar da ogan gida, tunda kwamiti bai gama shawara ba. Mama Fibi ta ce mata sun shigo da shi, bayansu ya gaji. Duk wanda yake so a fitar da shi, ga shi nan, ya ɗauka.

Ba wanda ya ɗauka. Ranar Alhamis Rebeka ta zo gwajin mawaƙa ta zauna a gabansa, ba a ce mata tashi ba. Kwamiti bai taɓa fitar da hukunci ba har yau, amma sujadar Hausa ta safe ta zama tata, Danny yana riƙe ta Turanci. Wasu har yanzu suna cewa kwamfuta ce ke yi. Wani lokaci kwamfutar takan tsaya cak ana tsakiyar waƙa, jama'a su ci gaba da baki har ta farfaɗo.

Da azumin Ista ya kusa, wani fasto daga Numan ya kira Uzoamaka ya ce suna da irin wannan akwatin a bayan coci, awaki na kwana a kai, ko za a iya yi masa abin da aka yi wa na Damilu. Uzoamaka ta ce ita ba ta da lokaci, amma tana da ma'aikaciya. Ranar Asabar da safe su biyu suka tafi tasha, Rebeka na riƙe da jakar kayan aiki, suna gardama a kan wa zai zauna kusa da taga.